Haƙƙin wanda ake tuhuma

Ranar kasuwar Bonkuku mutane na zuwa daga ko'ina cikin Imanan da ƙasar Kurfai. Wasu na kawo dankalin turawa daga garake, wasu hatsi, wasu kuma bisashe. A ce cikin wannan taro wani dattijo ya hangi ragonsa da ya ɓace kwana uku da suka wuce. Ga shi riƙe a hannun wani saurayi, mu sa mishi suna Idi. Dattijo ya kama igiya, ya yi kuwwa: "Ɓarawo! Ɓarawo!" Nan da nan jama'a ta kewaye Idi, wasu har sun ɗaga sanda.

To, yara, Idi ɓarawo ne? Kada ku yi saurin amsawa. Abu biyu kaɗai muka sani: rago ya ɓace, kuma an ga rago a hannun Idi. Wataƙila shi ne ya kwance shi da dare. Wataƙila saye ya yi da kuɗinsa, bai san na sata ba ne. Wataƙila ma ragon ba na dattijon ba ne, kama ce kawai, don raguna masu baƙin kai ba su ƙidayuwa a kasuwa. Duk mutanen da ke wurin zato suke yi. Ba wanda ya ga lokacin da aka kwance rago.

Saboda haka doka ta raba abu biyu da mutane ke haɗawa. Akwai wanda ake tuhuma, akwai mai laifi. Wanda ake tuhuma shi ne wanda aka ce ya yi laifi, amma ba a tabbatar ba tukuna. Mai laifi shi ne wanda alƙali ya ji ta bakinsa, ya saurari shaidu, sannan ya yanke mishi hukunci. Tsakanin waɗannan biyu akwai tafiya mai nisa. Muddin ba a kai ƙarshenta ba, doka na ɗaukar Idi marar laifi ne, ko da duk kasuwa ta ce shi ne.

Wannan ƙa'ida ba ta Nijar kaɗai ba ce. Tana cikin sanarwar haƙƙin ɗan Adam da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita ranar 10 ga Disamba 1948, a aya ta 11. Tana cikin yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta Afirka, wadda aka amince da ita a Nairobi a 1981, a aya ta 7. Nijar ta shiga wannan yarjejeniya a 1986. Tsarin mulkin Nijar na 25 ga Nuwamba 2010, wanda aka dakatar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, shi ma ya rubuta ta a aya ta 20. Kuma ba baƙon abu ba ne gare mu. Malaman fiƙihu sun daɗe suna koyar da cewa mai ƙara ne ke kawo shaida. Ke nan ba Idi ne zai nuna bai yi sata ba. Masu tuhumarsa ne za su nuna ya yi.

Wa ke da ikon hukunta shi?

Ba jama'ar kasuwa ba. In aka iske mutum yana cikin sata, doka ta yarda kowa ya riƙe shi, amma don a kai shi hannun jandarma ko ɗan sanda mafi kusa. Ba ta ce a buge shi ba. Wanda ya fasa ma ɓarawo kai shi ma ya yi laifi, kuma shi ma sai ya tsaya gaban alƙali. In ran mutum ya fita a hannun taro, kisan kai aka yi, ko mutum ɗari suka sa hannu.

Ba hakimi ba kuma, ba sarkin kanto ba. Sarakunan gargajiya na da babban aiki a ƙasa. Doka ta ba su ikon sasanta mutane kan rigimar gona, da gado, da aure, da bashi, da ɓarnar da bisashe ke yi cikin gonaki. In an sasanta, sai a rubuta takarda, kowa ya sa hannu. Amma sata, da jin rauni, da kisa, aikin alƙali ne. Sarki ba ya ɗaure mutum.

Ba haka abin yake ba a da. Kakanninku sun ji labarin daga bakin iyayensu. A zamanin mulkin Faransa akwai wata doka da aka yi don baƙar fata kaɗai, ana ce mata "andijena". Da ita kwamanda ke rufe mutum har kwana 15, ko ya ci shi tara, don ya yi jinkirin biyan haraji ko ya ƙi fita aikin dole. Ba shaida, ba mai kare shi. Kwamanda shi ne mai ƙara, shi ne alƙali. Sai a 1946 aka soke ta. Da Nijar ta samu ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960, sai ta yi nata dokoki guda biyu. Dokar laifuka ta 15 ga Yuli 1961 ta jera laifuka da hukuncin kowane. Dokar tsarin shari'ar laifuka ta 14 ga Agusta 1961 ta nuna hanyar da za a bi, tun daga kamu har zuwa hukunci. An yi musu gyara sau da yawa, har da wani babba a 2003, kuma ana ci gaba da gyara dokoki in buƙata ta taso. Amma tushen bai canza ba: ba a hukunta mutum kan abin da doka ba ta riga ta kira laifi ba, kuma mai kamu daban, mai ƙara daban, mai hukunci daban.

A hannun jandarma

An kai Idi wurin jandarma. Aikin jandarma bincike ne. Zai tambayi dattijo alamar ragonsa. Zai tambayi Idi inda ya samo shi. In Idi ya ce saye ya yi, sai a nemi dillalin da aka yi ciniki a gabansa. Duk abin da aka faɗa, jandarma zai rubuta.

Yana iya tsare Idi don binciken, amma ba yadda ya ga dama ba. Dokar 1961 ta ba shi awa 48, wato kwana biyu. In bai gama ba, sai ya nemi izini wurin mai gabatar da ƙara na gwamnati, a ƙara mishi wasu awa 48. Bayan nan dole ne ya saki mutum ko ya kai shi gidan shari'a. Laifin ta'addanci na da tashi doka: lokacin tsarewa ya fi wannan tsawo, kuma a Yamai ake shari'arsa.

Gyare-gyaren da aka yi daga baya sun ƙara abu biyu masu muhimmanci. Na farko, a sanar da wanda aka tsare yana da damar ɗaukar lauya, daga awa ta 24. A 2014 ƙasashe takwas na Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa, har da Nijar, sun wuce nan: sun tsai da cewa lauya na iya zuwa wurin mutuminsa tun lokacin da aka kama shi. Na biyu, in za a kai mutum gaban mai gabatar da ƙara, sai an haɗa da takardar likita mai nuna ba a azabtar da shi ba.

Me ya sa ake neman wannan takarda? Ku yi tunani. Mutum in ya sha duka, ya kwana da ƙishirwa, zai ce shi ya saci rago, har da raƙumin da bai taɓa gani ba, don dai a bar shi. Maganar da duka ya fitar ba ta nuna gaskiya. Tana nuna zafin bulala ne kawai. Kuma in an rufe marar laifi, ɓarawon na gaske na can yana kwance ma wani ragonsa. Nijar ta shiga yarjejeniyar duniya ta hana azabtarwa a 1998, kuma a 2020 ta sa azabtarwa cikin laifukan da dokarta ke hukuntawa.

Ga wani abu da ya shafe ku, ku masu karatu da harsuna biyu. Takardun bincike da Faransanci ake rubuta su. A Bonkuku kuwa wani Hausa yake ji, wani Zabarmanci, wani Tamashek, wani Fulatanci. Sau da yawa mutum kan dangwala yatsa bisa takardar da bai san abin da ke ciki ba, don tsoro ko don ya ƙosa ya koma gida. Bayan wata biyu a karanto mishi ita gaban alƙali, ya ji an ce ya amsa abin da bai amsa ba. Wanda ake tuhuma na da damar ya ce a karanta mishi, a fassara mishi, kafin ya sa hannu. In abin da aka rubuta ba maganarsa ba ce, yana iya ƙin sa hannu. Ranar da takardar kira ta zo gidanku, ku karanta ma iyayenku ita da kyau: wa ya kira, wace rana, a matsayin shaida ko a matsayin wanda ake tuhuma. Gudun takardar kira ba ya kashe magana, ƙara mata nauyi yake yi.

Mai kare wanda ake tuhuma

Lauya, wanda mutane da yawa a nan ke ce ma aboka, mutum ne da ya karanci doka, aikinsa tsaya ma mutane gaban shari'a. Yana duba takardun bincike. Yana ganawa da mutuminsa su biyu, kuma abin da aka gaya mishi amana ne, ba ya fitar da shi. Yana neman a kira shaidun da aka manta. In an ƙetare doka wajen kamu ko tsarewa, shi ne zai nuna ma alƙali.

Yara kan tambaya: "Malam, don me za a kare ɓarawo?" Tambaya ce mai kyau. Amsar farko, ba mu san ɓarawo ne ba sai an gama shari'a. Amsa ta biyu, gwamnati na da jandarma, da ƴan sanda, da mai gabatar da ƙara wanda ya san doka ciki da waje. Idi kuwa shi kaɗai ne, bai taɓa shiga gidan shari'a ba. In ba mai tsaya mishi, kokowa ce tsakanin ƙato da yaro. Ko da ya yi laifin, sai an samu mai faɗin abin da zai sa a sassauta: karo na farko ne, ko ya maida kayan, ko yunwa ce ta sa shi. Hukunci sai ya zo daidai da laifi, kada ya wuce shi.

Amma nan akwai matsala ta gaske. Yawancin lauyoyin Nijar a Yamai suke zaune. Kawo lauya Filinge na cin kuɗin da manomi ba ya da su. Saboda haka dokar 14 ga Disamba 2011 ta kafa hukumar taimakon shari'a ta ƙasa, wadda ake taƙaita sunanta da ANAJJ, don ta bayyana ma mutane doka kyauta, ta kuma samo ma marar ƙarfi mai kare shi. Inda ba lauya, akan naɗa wani mai ilimi da mutunci, kamar malamin makaranta, ya tsaya ma wanda ake tuhuma. Bai kai lauya sanin doka ba, amma ya fi babu. In babban laifi ne, ko yaro ne ake tuhuma, ba a yin shari'a sai da mai kariya.

Kafin ranar shari'a

Mai gabatar da ƙara ne ke duba abin da jandarma ya tara. In ya ga ba hujja, sai ya rufe maganar, Idi ya koma gida. In ya ga akwai, sai ya duba girman laifin. Dokar 1961 ta kasa laifuka gida uku. Ƙaramin laifi, hukuncinsa tara ne ko ɗaurin da bai wuce kwana 30 ba. Matsakaici, irin su sata da zamba, ɗaurinsa bai kai shekara 10 ba. Babban laifi, irin su kisan kai, daga shekara 10 yake farawa. Satar rago a kotun Filinge za a yi ta. Babban laifi kuwa sai alƙali mai bincike ya tone shi tukuna, ya nemi abin da ke ɗaure mutum da abin da ke wanke shi, sannan a kai babbar kotu.

Wani lokaci akan ajiye mutum a gidan kaso yana jiran shari'a, in ana tsoron ya gudu ko ya tsorata shaidu. Wannan jira ba hukunci ba ne, shi ya sa aka yi mishi iyaka: wata 6 ga matsakaicin laifi, ana iya sabuntawa sau ɗaya, wata 18 ga yawancin manyan laifuka, ana iya ƙara shekara guda. Mai jira na da damar neman sakin talala, wato a sake shi ya zauna gida da alkawarin zai zo duk ranar da aka kira shi. A nan ne aikin shari'a ya fi gazawa. Alƙalai sun yi kaɗan, ƙararraki sun yi yawa, gidajen kaso na cike da mutanen da ba a yanke ma hukunci ba. Wanda ba ya da mai bin maganarsa yakan daɗe. Shi ya sa dangi kada su zauna gida su ce Allah ya kawo sauƙi kawai. Su je kotu, su tambayi inda takardun ɗansu suka tsaya.

Gaban alƙali

Shari'a a fili ake yin ta, ƙofa buɗe, kowa na iya shiga ya saurara. Abin da aka yi a idon jama'a na da wuyar murɗewa. Alƙali zai fara da tambayar Idi sunansa, ya gaya mishi abin da ake tuhumarsa da shi. In Idi ba ya jin harshen da ake magana da shi, sai a kawo tafinta, ya yi rantsuwa zai fassara da gaskiya, kuma Idi ba ya biyan ko dala. In an gaggauta kawo shi don an kama shi da kaya a hannu, yana iya neman a ba shi lokaci ya shirya, aƙalla kwana uku.

Dattijo zai yi magana, don shi ma yana da haƙƙi: a maida mishi ragonsa ko a biya shi. Shaidu za su rantse su faɗi abin da suka gani. Jiyau ba ganau ba ne, kuma alƙali ya san bambancinsu. A ce dillali ya zo ya shaida a gabansa Idi ya biya kuɗin rago, da rana tsaka, a farashin kasuwa. To, tuhumar sata ta faɗi. Ko sayen kayan sata ma ba ya zama laifi sai in mai saye ya san na sata ne. Bayan shaidu, mai gabatar da ƙara zai faɗi hukuncin da yake nema. Sannan mai kariya ya yi magana. Doka ta ce maganar ƙarshe ta wanda ake tuhuma ce ko mai kare shi, don ita ce za ta saura a kunnen alƙali. In bayan duk wannan alƙali na cikin shakka, sai ya saki mutum. In ya ɗaure shi, akwai kwana 10 na ɗaukaka ƙara, wasu alƙalai na sama su sake duba maganar tun daga farko. Kuma hukunci na kan mai laifi kaɗai. Ba a ɗaure uba don ɗansa ya gudu, ba a riƙe mata don a samu mijinta.

Da Idi yaro ne, da hanyar ta bambanta. Yaron da bai kai shekara 13 ba, doka ba ta hukunta shi, sai dai a nemi yadda za a kula da shi. Daga 13 zuwa 18, alƙalin yara ne ke duba maganar. Nijar ta kafa alƙalan yara a 1999, ta sabunta dokarsu a 2014. Shari'ar yaro a rufe ake yin ta, da iyayensa da mai kare shi, don kada sunansa ya ɓaci tun bai girma ba. In an ɗaure shi, ɗaurinsa bai kai na babba ba, kuma doka ta ce a raba shi da manya.

Abin da ya faru a gidan kason Filinge

In kun bi hanyar mota daga Bonkuku kuka yi arewa, za ku isa Filinge, mai nisan kilomita kamar 180 daga Yamai. Gidan kason garin ya yi suna a duniya saboda mutum ɗaya. Hama Amadu ya yi firaminista sau biyu, ya kuma shugabanci majalisar dokoki. An tuhume shi, tare da wasu mutane, cikin wata magana ta jariran da aka ce an kawo daga Najeriya. Shi ya musanta, ya ce siyasa ce. Ranar 14 ga Nuwamba 2015 ya dawo daga Faransa, aka kama shi a filin jirgin saman Yamai, aka kai shi Filinge.

A lokacin ana shirin zaɓen shugaban ƙasa. A watan Janairu 2016 kotu ta ƙi ba shi sakin talalar da ya nema. Amma cikin watan nan kotun tsarin mulki ta karɓi takararsa, don ba wani alƙali da ya yanke mishi hukunci. Ranar 21 ga Fabrairu 2016 aka yi zaɓe, hotonsa na cikin na ƴan takara, shi kuwa yana ɗakin kaso a Filinge. Ya zo na biyu, bayan Mahamadu Isufu. Ranar 16 ga Maris, kwana huɗu kafin zagaye na biyu, aka ɗauke shi zuwa Faransa don neman magani.

Ranar 13 ga Maris 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta Yamai ta yanke mishi ɗaurin shekara ɗaya, ba ya ƙasar. A watan Nuwamba 2019 ya dawo, ya kai kansa, aka maida shi Filinge. An cire mishi wata huɗu da ya riga ya yi yana jira, don kwanakin jiran shari'a ana lissafa su cikin ɗauri. A ƙarshen Maris 2020 ya fita, cikin fursunoni 1540 da shugaban ƙasa ya yi ma afuwa saboda annobar korona.

Da zaɓe na gaba ya matso, ya sake kai takardunsa. Ranar 13 ga Nuwamba 2020 kotun tsarin mulki ta ƙi karɓar su. Mutumin ɗaya ne, maganar ɗaya ce, kuma wannan karo yana gidansa, ba a kaso ba. Amma a 2016 wanda ake tuhuma ne, a 2020 kuwa wanda aka yanke ma hukunci ne, kuma dokar zaɓe ta hana takara ga wanda aka yanke ma ɗaurin shekara ɗaya ko fiye. Afuwa ta buɗe mishi ƙofar kaso, amma ba ta share hukuncin ba. Magoya bayansa ba su yarda da shari'ar ba, abokan hamayyarsa suka ce doka ce ta yi aikinta. Hama Amadu ya rasu a Yamai a watan Oktoba 2024.